Tseren Keken Daji na Kwanaki a Jere da Yanayin Ƙasar Guéné

Garin Guéné yana cikin gundumar Malanville ta jihar Alibori, a ƙarshen arewacin Jamhuriyar Benin, a bakin babbar hanyar kwalta da ta taso daga Kwatano, ta ratsa Parakou da Kandi, ta ƙare a gadar kogin Kwara wadda ta haɗa Malanville da garin Gaya na Jamhuriyar Nijar. Tsawon wannan hanya daga bakin teku zuwa gadar ya ɗan haura kilomita 700, wanda kusan shi ne nisan da 'yan tseren keken daji suke ci cikin kwana takwas a gasar Cape Epic ta Afirka ta Kudu, sai dai su mafi yawan tafiyarsu a kan burji da tsakuwa take, da 'yan siraran hanyoyin ƙafa masu hawa da gangara a jikin tsaunuka. Keke ba baƙo ba ne a wannan yanki na Dendawa da Fulani da Hausawa 'yan kasuwa, domin da shi ake zuwa gona, da shi ake kai buhun hatsi kasuwa, amma yin tsere da shi kwanaki a jere fanni ne mai ƙa'idojinsa, wanda saurin ƙafa kaɗai ba ya kai mutum ga nasara a cikinsa.

Keken daji, wanda ƙasashe masu amfani da Faransanci suke kira VTT, shi ne keken da aka ƙera domin tafiya a inda babu kwalta. Tayoyinsa masu faɗi ne masu ƙusoshin roba da ke kama ƙasa, yana da shokazoba a gaba, wani lokaci har da baya, birkinsa na faifai ne, giyarsa kuma tana sauka ƙasa sosai yadda mahayi zai iya hawa tudu mai tsayi ba tare da ya sauko ya tura ba. Asalinsa daga gundumar Marin ta jihar Kalifoniya ne a Amurka, inda a shekarun 1970 wasu matasa, cikinsu har da Joe Breeze da Gary Fisher, suka riƙa gyara tsofaffin kekuna suna gangarowa da su daga tsauni. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da samfurin Stumpjumper kasuwa, a 1990 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko a Durango ta jihar Kolorado, sannan wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996.

Tsarin tseren kwanaki kuwa daga masu tseren kwalta aka aro shi, waɗanda tun 1903 suke yin gasar Tour de France. Ana kasa tafiyar zango-zango, zango yana nufin tafiyar yini ɗaya daga wurin tashi zuwa masauki, kamar yadda fatake suke yada zango su kwana kafin su ci gaba da safe. Kowace rana ana rubuta lokacin da kowane ɗan tsere ya ɗauka, a haɗa shi da na kwanakin baya, wanda jimillar lokacinsa ta fi ƙanƙanta a rana ta ƙarshe shi ne zakara, ko da bai taɓa zuwa na ɗaya a zango ko ɗaya ba. Akwai kuma wa'adi da ake yanka wa kowane zango, wanda duk ya iso bayan cikarsa an cire shi daga lissafi. Wannan lissafi ne yake sauya halin tseren baki ɗaya, domin wanda ya ƙure ƙarfinsa ranar farko ya ci ribar minti biyar yana iya yin asarar minti arba'in a rana ta huɗu, abin da Bahaushe ya daɗe da taƙaita shi da cewa sauri ya haifi nawa.

Gasar Cape Epic, wadda Kevin Vermaak ya kafa aka fara ta a 2004, ana yin ta ne a watan Maris a lardin Western Cape, kuma idan aka haɗa hawan tudun da ke cikinta yakan kai mita 15,000 ko fiye. Abin da ya fi jan hankali a tsarinta shi ne ba a shigarta sai mutum biyu-biyu, kuma doka ta hana tazarar da ke tsakanin abokan biyu ta wuce minti biyu, lokacin da ake rubuta musu ma na wanda ya iso a baya ne. An kafa dokar ne domin kada hatsari ya sami mutum shi kaɗai a dokar daji, amma ta haifar da wani abu dabam, wato ta mai da zaɓen abokin tafiya rabin shirin gasar. Mai ƙarfi da ya haɗu da wanda bai kai shi ba dole ya shiga gaba ya tare masa iska, ya rage gudu a hawa, ya kuma lura da alamun gajiyarsa tun kafin ya buɗe baki ya faɗa, domin mutane da yawa kunya takan hana su cewa sun gaza har sai sun faɗi. Karl Platt na Jamus, wanda ya ci gasar farko tare da Mannie Heymans na Namibiya, da Christoph Sauser na Suwizalan, kowannensu ya ci gasar sau biyar, kuma ba da aboki ɗaya suka yi hakan ba.

Babbar matsalar jiki a irin wannan tsere ita ce makamashi. Jikin mutum yana ajiye sukarin da ya samu daga abinci mai sitaci a cikin tsoka da hanta, a wata siffa da masana suke kira gilaikojin, amma ajiyar ba ta wuce kimanin giram 500 ba, kuma aiki mai tsanani yana cinye ta cikin awa ɗaya da rabi zuwa awa biyu. Zango ɗaya kuwa yakan ɗauki gwanaye awa huɗu ko biyar, masu matsakaicin ƙarfi kuma har ninki biyu na hakan. Idan ajiyar ta ƙare sai ƙafafu su yi nauyi, kai ya yi jiri, hankali ya raunana a daidai lokacin da ake bukatarsa wajen kauce wa dutse da rami. Shi ya sa masana abincin 'yan wasa suke ba da shawarar cin giram 60 zuwa 90 na sukari da sitaci a kowace awa ana kan keke, tun kafin a ji yunwa. Dabino da ayaba da dunƙulen shinkafa suna biyan wannan bukata daidai gwargwado, abin da ya fi wuya shi ne sabar wa ciki karɓar abinci ana cikin gudu, domin cikin da bai saba ba yakan mayar da martani da kumburi ko gudawa.

Batun ruwa ya fi na abinci gaggawa a ƙasa irin ta Malanville, wadda take cikin wuraren da suka fi zafi a Benin, inda a watannin Maris da Afrilu zafi yake haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. Mai tuƙa keke da ƙarfi a cikin zafi yana iya zubar da gumi lita ɗaya zuwa biyu a awa, kuma da zarar asarar ta kai kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa, wato kusan lita ɗaya da rabi ga mai kilo 70, ƙarfinsa ya fara raguwa. Gumi yana fita da gishiri, don haka wanda ya yi ta ɗirkar ruwa zalla fiye da kima na tsawon sa'o'i yana iya tsinka gishirin jininsa har ya kai ga ruɗewa ko suma, dalilin da ya sa ake zuba gishiri da sukari a gorar 'yan tsere. Mafi hatsari shi ne bugun zafi, wato zafin cikin jiki ya haura digiri 40 tare da gushewar hankali, wanda yake kisa idan ba a gaggauta sanyaya mutum da ruwa ba. Jiki yana iya sabawa da zafi, amma sabon yana bukatar kwana 10 zuwa 14 na atisaye a cikinsa, kuma a nan ɗan ƙasa yana da fifiko a kan baƙo.

Sa'o'in da ke tsakanin isowa masauki da tashin gobe su ne suke bambanta tseren kwanaki da na yini ɗaya. Cika ajiyar gilaikojin yana ɗaukar kusan kwana guda cur, alhali ɗan tsere ba ya samun haka, saboda haka yakan fara cin abinci tun a awar farko bayan saukarsa, lokacin da tsoka ta fi saurin karɓa, sannan ya wanke keke, ya yi wanka, ya nemi barci a cikin tanti. Ƙananan abubuwa ne suka fi fitar da mutane daga gasa, musamman saɓar fata da maruru a mazaunai sakamakon gogayya da sirdi da gumi, da kuma ciwon ciki da ke yaɗuwa a sansanin da ɗaruruwan mutane suke cin abinci wuri ɗaya.

Keken ma yana gajiya. Ƙura tana shiga sarƙa ta haɗu da mai ta zama kamar yashin goge ƙarfe, shi ya sa ake wanke ta a sa mata mai kowace yamma. Ƙaya kuwa, wadda duk mai faci a yankin Sahel ya san aikin ta aduwa da bagaruwa da tsidau, an rage illarta da taya marar tif, wadda ake zuba wa wani ruwan roba a ciki, da zarar ƙaya ta huda sai ruwan ya bi iskar ya toshe ramin ana cikin tafiya. Iskar da ake sa wa tayar ba ta kai rabin ta keken kwalta ba, domin taya mai laushi ta fi shimfiɗuwa a kan rairayi maimakon ta nutse. Duk da haka ɗan tsere yana ɗauke da famfo da tif na ko-ta-kwana da ɗan makullin haɗa sarƙa, tun da a tsakiyar zango sau da yawa babu wanda zai gyara masa sai hannunsa.

Ƙasar Guéné shimfiɗaɗɗiya ce, tsaunukan Benin suna can yamma a Atacora wajen Natitingou, don haka ba za ta ba da irin hawan Cape Epic ba. Wadda ta fi dacewa a kwatanta ta da ita ita ce gasar Titan Desert ta Maroko, wadda aka fara a 2006, ake cin kimanin kilomita 600 cikin zango shida, inda abokan gabar mahayi su ne rairayi da iska da zafi da neman hanya. Burtalan shanu da ke kaiwa kasuwar dabbobi ta Guéné, da fadamun kogin Sota da na Alibori bayan janyewar ruwa, duk filaye ne na irin wannan gwaji, kuma lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, shi ne ya fi sauƙin zafi, ko da yake hazo yana busar da maƙogwaro.

Manyan gasannin keke da aka sani a yankin na kwalta ne, kamar Tour du Bénin da kuma Tour du Faso ta Burkina Faso da aka fara a 1987, kuma a watan Satumban 2025 birnin Kigali na Ruwanda ya karɓi gasar duniya ta tseren kwalta, karo na farko a Afirka. Tsada tana cikin abin da ya hana keken daji yaɗuwa haka, domin keken gasa mai kyau ya ninka kuɗin sabon babur sau da yawa. Abin da ya fi batun tsada nauyi shi ne tsaro, tun da tseren daji yana warwatsa ɗaruruwan mutane a nisan kilomita masu yawa inda ba a iya tsare kowa. Gandun dajin W, wanda Benin da Nijar da Burkina Faso suka yi tarayya a kansa, kuma ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da ɓangaren Benin a 2020, ya fuskanci hare-haren 'yan bindiga da suka hallaka ma'aikatansa a watan Fabrairun 2022, sannan an rufe gadar Malanville bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar. Irin wannan dalili ne ya sa aka soke gasar motoci da babura ta Dakar a 2008 saboda barazanar hari a Muritaniya, aka mayar da ita Kudancin Amurka a 2009, daga can kuma ta koma Saudiyya a 2020.