Barin motar gazuwal a koma ta fetur: ina riba?

A Tondikandiya ta Nijar, mai Hilux ta gazuwal da ke jan tankin ruwa ko kwasar dabbobi daga Damana zuwa kasuwar Balleyara kan yi sha'awar sayar da ita ya sayi jif mai shan fetur. Dalili a fili yake: a Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta mai da litar fetur sefa 499, gazuwal kuwa 618.

Sai dai injin gazuwal yana ba da ƙarfin ja tun yana juyawa a hankali, abin da rairayin Dallol Bosso ke buƙata. Jif ɗin fetur in ta ɗauki nauyi sai ta riƙa kwankwaɗar mai, giya ta yi zafi, ragin farashin ya tafi. Mai jan kaya kowace ranar kasuwa gara ya riƙe tsohuwar motarsa ta gazuwal.