Hakeem Olajuwon: Ƙwallon Kwando Da Azumi A Ƙasar Amurka

A watan Fabrairu na 1995, wanda ya yi daidai da Ramadan na shekara ta 1415 bayan Hijira, hukumar ƙwallon kwando ta Amurka da ake kira NBA ta zaɓi Hakeem Olajuwon a matsayin ɗan wasan da ya fi kowa ƙwazo a watan. Azumi ya kama tun farkon watan, kuma mutumin yana cikin masu yin sa. Mun ɗauko tarihinsa ne saboda wata muhawara da ba ta ƙarewa a gidajenmu. Uba yana ganin ƙwallo hanyar lalacewa ce, ɗa kuma yana ganin addini zai tare masa gaba, alhali ga wani bawan Allah da ya riƙe biyun, bai kuma kai ƙololuwar gwanintarsa ba sai bayan da ya komo ga sallarsa.

An haife shi a Legas ranar 21 ga Janairu, 1963, a gidan Yarabawa Musulmi. Mahaifinsa Salim da mahaifiyarsa Abike sana'ar siminti suke yi. Yana yaro ƙwallon ƙafa ya sani, inda yake tsaron gida, sai kuma ƙwallon hannu. Bai taɓa ƙwallon kwando ba sai da ya kai wajen shekara 15, yana ɗalibi a Kwalejin Horar da Malamai ta Musulmi da ke Legas. A wurin Amurkawa, waɗanda ƴaƴansu ke fara jefa ƙwallo a kwando tun kafin su iya karatu, wannan latti ne ƙwarai. Sai dai tsaron gidan da ya yi bai tafi a banza ba, domin shi ya koya masa saurin ƙafa da sanin inda ƙwallo za ta bi kafin ta iso.

A 1980 ya sauka a Jami'ar Houston, a jihar Texas, ƙarƙashin mai horarwa Guy Lewis. Tsawo yana da shi, fiye da mita biyu, amma ƙa'idojin wasan da dabarunsa sai a hankali. Shekarar farko bai buga wa jami'ar gasa ba. Abin da ya sauya shi shi ne hutun bazara, lokacin da yake zuwa wani zauren wasanni a cikin gari yana karawa da Moses Malone, wanda a wancan zamani yake cikin manyan gwanayen NBA. Malone bai raga masa ba, shi kuma bai gudu ba. Jami'ar ta kai wasan ƙarshe na gasar jami'o'in ƙasar sau biyu a jere, a 1983 da 1984, kuma duka biyun aka doke ta. Na 1983 ya fi ciwo, domin a daƙiƙar ƙarshe aka jefa musu ƙwallon da ta raba gardama, aka tashi 54 da 52. Duk da haka shi aka ba lambar gwarzon gasar.

A zaɓen sababbin ƴan wasa na 1984, ƙungiyar Houston Rockets ta ɗauke shi a matsayin na farko. Wanda aka ɗauka na uku a wannan rana shi ne Michael Jordan. Shekara biyu kacal bayan haka, shi da abokin wasansa Ralph Sampson suka kai ƙungiyar wasan ƙarshe na 1986, inda Boston Celtics ta rinjaye su.

A nan ya kamata mu dakata, domin masu ba da labarinsa sukan tsallake wannan wuri. Olajuwon na waɗannan shekaru ba shi ne natsattsen mutumin da aka sani daga baya ba. Saurayi ne mai zafin zuciya, ga kuɗi, ga suna, ga nisa da iyaye. Yakan yi cacar baki da alƙalan wasa, yakan kai hannu. A wasan da ya ba su damar zuwa zagayen ƙarshe a 1986, korar sa aka yi daga fili saboda dambe da Mitch Kupchak na Los Angeles Lakers, abokansa suka ƙarasa ba tare da shi ba. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa addinin da ya tashi a ciki ya yi masa rauni bayan zuwansa Amurka. Duk wanda ya tura ɗansa karatu ko neman abinci wata ƙasa ya san wannan fargaba.

Komowar ta zo sannu a hankali, ta hanyar masallaci da zama da Musulmin birnin Houston. Alamarta ta fili ta bayyana a watan Maris na 1991, sa'ad da ya gyara rubutun sunansa daga Akeem zuwa Hakeem, domin ya dace da asalinsa na Larabci, ya kuma ce shi ba canja suna ya yi ba, gyara ya yi. Jarrabawa ba ta jima ba ta biyo baya. A 1992 shugabannin ƙungiyarsa suka zarge shi da ƙaryar ciwon cinya don neman ƙarin albashi, suka dakatar da shi, har ya nemi a sayar da shi. Sulhu ya samu ne a cikin jirgin sama, a doguwar tafiya zuwa Japan, inda ya zauna da mai ƙungiyar suka fahimci juna.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A 1994 ya haɗa lambobi uku da babu wanda ya taɓa haɗa su a kaka guda: gwarzon shekara, gwarzon masu tsaro, da gwarzon wasannin ƙarshe. Rockets ta doke New York Knicks da wasa huɗu da uku, kuma a wasa na shida yatsunsa ne suka taɓa ƙwallon da John Starks ya harba a daƙiƙun ƙarshe, wadda da ta shiga da kofin ya tafi. A 1995 ƙungiyar ta shiga zagayen fitar da gwani tana ta shida a yankinta, amma ta bi ta kan Utah da Phoenix da San Antonio, sannan ta lallasa Orlando ta Shaquille O'Neal huɗu da babu. Makaminsa shi ne wata rausaya da ake kira Dream Shake: ya nuna zai juya dama, mai tsaronsa ya bi, ya nuna zai yi tsalle, mai tsaron ya tashi sama, shi kuwa yana ƙasa bai motsa ba, sai ya zagaye ya jefa. Ƙafafun mai tsaron gida na Legas ne suke wannan aiki.

Game da azuminsa, wajibi ne mu yi adalci. Wasan NBA minti 48 ne, ƙungiya kuma tana buga wasa 82 a kaka, galibi da dare. Saboda haka a mafi yawan ranaku yakan samu ya buɗa baki kafin a fara. Wahalar tana ga wasannin rana, inda zai yi gudu da tsalle ba ko kurɓin ruwa, abokansa suna sha a gabansa. Kuma ɗan wasan NBA matafiyi ne kusan rabin kakar, shari'a ta ba matafiyi rangwamen ya sha ya rama. Olajuwon ya zaɓi ya yi, ya kuma ce yana jin jikinsa ya fi sauƙi. Wannan zaɓinsa ne, ba hujja ba ce a kan wanda ya karɓi sauƙin da Allah Ya yi masa. Abin da dai ya rushe shi ne zancen masu cewa azumi da aiki mai nauyi ba sa haɗuwa.

A ganinmu, inda addininsa ya fi bayyana shi ne wajen kuɗi. A 1995, lokacin da takalman da manyan ƴan wasa ke tallatawa suka haura dala ɗari, ya sa sunansa a kan takalmin kamfanin Spalding da ake sayarwa kusan dala 35. Dalilinsa shi ne uwa talaka mai yara uku ba za ta iya sayen masu tsada ba, kuma tsadar ce ke sa yara sata, wani lokaci har da kisa. Da ya shiga cinikin filaye da gine-gine a Houston, da kuɗinsa yake saye, ba ya cin bashin banki saboda gudun riba. Ya sayi wani tsohon ginin banki a tsakiyar birnin, aka mayar da shi masallaci da cibiyar da'awa, aka buɗe a 2002.

Akwai abin da ya ɓata wa wasu ƴan Najeriya rai. Ya karɓi takardar zama ɗan Amurka a 1993, kuma da rigar Amurka ya ci lambar zinariya a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Muna fahimtar masu jin haushin, ko da yake ba a Legas aka gina masa filin da ya zama gwani ba.

Ya yi kakarsa ta ƙarshe a Toronto, ya ajiye wasa a 2002 da maki 26,946. Ya kaɗe ƙwallon abokan hamayya sau 3,830, adadin da ya fi na kowa a kundin NBA. Bayan ritaya ya kwashi iyalinsa zuwa ƙasar Urdun, wato Jodan, ya zauna neman ilimin Larabci da addini, yana komowa Houston lokaci lokaci. Manyan ƴan wasa irin su Kobe Bryant da LeBron James sun same shi domin ya koya musu aikin ƙafa. A 2022 NBA ta sa wa kofin gwarzon masu tsaro sunansa.

A 2008 aka shigar da shi zauren tunawa da gwanayen ƙwallon kwando. A shekarar ce kuma Rockets ta so ta girmama shi a ƙofar filin wasanta, kamar yadda ƙungiyoyin Amurka suka saba kafa mutum-mutumin gwarazansu. Saboda aƙidarsa ba a sassaƙa siffarsa ba. Abin da aka kafa allo ne na tagulla mai ɗauke da rigarsa mai lamba 34, da jerin abubuwan da ya cim ma a rubuce.