Suturar Mata-Maza Da Haƙƙinsa A Kan Danginsa

Tambaya: An haifi ƙanina mata-maza, ya tashi da kayan maza. Da ya balaga sai ga nono da haila, dangi kuma suka fara gudunsa. Wace sutura zai sa, kuma yaya za mu zauna da shi?

Amsa: Malaman fiƙihu suna kiransa khunsa, da hukuncinsa ma Shehu Halilu ya rufe Mukhtasar. Alamu ake dubawa: mafitar fitsari, gemu, nono da haila. Tunda haila ta bayyana, ƙanwarka ce, sai ta koma suturar mata da hijabi. Wannan bai shiga kwaikwayon da hadisi ya hana ba, domin halittar Allah ce, ba ita ta zaɓa ba. Ku kai ta wurin ƙwararren likita, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta halatta gyaran irin wannan tun 1989.

Gudunta yanke zumunci ne, kuma haramun ne. Ku ɗinka mata kayan da kanku, ku sauya mata suna, ku rufa mata asiri, kada ta zama abin nuni a unguwa.

Allah ne mafi sani.