Wi-Fi Ba Daga Sama Yake Saukowa Ba

A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Kaduna ta sa aka toshe layukan waya a Birnin Gwari, don hana 'yan bindigar daji sadarwa. Ƙanena, ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello, yana Birnin Gwari a lokacin, ko saƙon malaminsa bai iya buɗewa ba sai da ya koma Samaru, inda jami'ar take, ya samu Wi-Fi. Can ma mutanenmu na zaton iska ke kawo intanet. Ina! Wayar faiba ce a binne take kai shi gini-gini, sannan 'yar na'ura a bango ta watsa wa wayoyi. Katangar siminti tana rage masa ƙarfi, cunkoson ɗalibai ma haka. Ni kam, in aikin mai nauyi ne, kebul nake jona wa kwamfutata.