Jita da Kwamfuta: Yadda Makaɗi Ke Jin Kansa a Situdiyon Gida a Maiduguri

Jita mai lantarki ba ta da ƙarar kanta. Gangar jikinta katako ne curarre, babu ramin da zai tara sauti irin na molo ko garaya, shi ya sa idan aka taɓa tsirkiyarta ba a jona ta da komai ba, wanda ke bakin ƙofa ma da kyar zai ji. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai. Karkarwar tsirkiyar ƙarfe a kan maganaɗisun ce ke haifar da ɗan lantarki mai rauni, wanda ke bin waya zuwa amfilifaya. Amfilifaya da lasifikarta ba ƙara sauti kaɗai suke yi ba, su ne ke ba jita muryar da aka san ta da ita: mai tsabta irin ta Fender daga Amurka, ko mai kaushi da gurnani irin ta Marshall, kamfanin da Jim Marshall ya kafa a Landan a 1962.

Irin waɗannan amfilifayoyi suna da nauyi da tsada, kuma daɗinsu ba ya fitowa sai an ƙure su. Saurayin da ke kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙan coci a Wulari, ko mai bin bukukuwa da ke zaune a ɗakin haya a Bulumkutu, ba zai iya ƙure amfilifaya da dare ba tare da maƙwabta sun ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. A nan ne manhajar da ke kwaikwayon amfilifaya ta yi rana. Kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da tsarin VST a 1996, wanda ya ba da damar cusa ƙananan manhajojin sarrafa sauti cikin manhajar ɗaukar waƙa. Line 6 ya fitar da Amp Farm a 1998, IK Multimedia na Italiya ya biyo da AmpliTube a 2002, Native Instruments na Berlin kuma ya kawo Guitar Rig a 2004. A yau har akwai na kyauta, irin su Neural Amp Modeler, wanda ke koyon muryar amfilifaya ta gaske ya kwaikwaye ta.

Situdiyon Arewa kuwa a kan fiyano ya ginu. Waƙoƙin finafinan Hausa sun tashi ne da fiyanon Yamaha, wanda ke fitar da sautinsa kammalalle, ba ya buƙatar kwamfuta ta gyara masa murya kafin makaɗi ya ji. Ko Mdou Moctar, mai jitar nan na Nijar da duniya ta sani a yau, da ya zo Sakkwato a 2008 ya ɗauki faifansa na farko, Anar, salon situdiyon Hausa ne ya rinjayi aikin. Saboda haka ana samun ƙwararren mai haɗa kiɗa, wanda ya iya manhajar FL Studio ciki da waje, amma ranar da aka kawo masa jita mai lantarki sai ya rasa ta inda zai ɓullo.

Hanyar da sautin ke bi ita ce: daga jita zuwa ƙaramin akwatin sauti da masu situdiyo ke kira saunkad, irin Focusrite Scarlett ko Behringer UMC22, daga nan ta wayar USB zuwa kwamfuta, manhaja ta sarrafa shi, ya dawo ta saunkad ɗin zuwa hedifon ko lasifika. A jikin saunkad akwai maɓalli ko kafa da aka rubuta wa INST ko Hi-Z. Wannan ita ce ƙofar jita. Idan aka shigar da ita ta ƙofar fiyano, sautin kan dushe ya rasa kaifinsa tun kafin ya isa kwamfuta, kuma babu manhajar da za ta dawo da abin da ya ɓace a nan. Ana murɗa ƙarfin shiga ne har makaɗi ya buga da iyakar ƙarfinsa fitila ba ta nuna ja ba.

Cikas na farko da sabon shiga ke karo da shi wani maɓalli ne mai suna Direct Monitor. Aikinsa ya mayar da sauti kunne kai tsaye, ba tare da ya shiga kwamfuta ba. Ga mai rera waƙa wannan alheri ne. Ga mai jita kuwa, abin da zai ji shi ne sautin tsirkiya tsurarsa, siriri, babu amfilifaya. Idan kuma aka bar maɓallin a kunne sannan aka buɗe sauraro a cikin manhaja, sai sauti biyu su haɗu a kunne, ɗaya na bin bayan ɗaya da ɗan taƙi, kiɗan ya riƙa yin amo kamar a cikin bututu. Maganin ba shi da wuya: a kashe Direct Monitor, a ɗora manhajar amfilifaya a kan layin jita, a kunna sauraron layin. A manhajar Cubase alamar ƙaramar lasifika ce a jikin layin. A FL Studio ana zaɓar ƙofar shiga ne a kan layin mahaɗa.

Babbar matsalar ita ce jinkiri, wato tazarar da ke tsakanin taɓa tsirkiya da jin sautin. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti a zube. Tana yanka kowace daƙiƙa zuwa gutsattsari 44,100 ko 48,000, ta tara su ƙunshi-ƙunshi, sai ƙunshi ya cika ta ɗauka. Lamarin ya yi kama da na ɗan garuwa: idan ya tsaya sai ya cika kurarsa da jarkoki, sahunsa kaɗan ne, amma mai jiran ruwa zai daɗe; idan kuwa jarka ɗaya-ɗaya yake kawowa, ruwa zai iso da wuri, amma shi zai galabaita. Girman ƙunshin nan, wanda ake kira bofa, shi mai aiki ke saitawa. A kan 48,000, bofa mai 1,024 na ɗaukar milisakan 21 kafin ya cika, wato kashi 21 cikin dubu na daƙiƙa. Mai 256 na ɗaukar kusan 5, mai 128 kuma bai kai 3 ba. Tunda sauti zai shiga ya kuma fita, sai a ninka lissafin biyu, a ƙara ɗan lokacin da saunkad ke ci wajen juya lantarki zuwa lambobi da mayar da shi.

Nawa ne kunne zai iya jurewa? Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka makaɗin da ya tsaya mita uku daga amfilifayarsa a dandali yana jin kansa bayan kusan milisakan 9, kuma ba ya kokawa. Shi ya sa masu aikin ke ɗaukar goma ko ƙasa da haka a matsayin abin da ya isa. Da zarar an haura ashirin, hannu da kunne sun fara saɓawa. Makaɗi zai ji kamar jitar ta yi nauyi, ya riƙa gaggawa don ya cim ma ganga, ko ya riƙa ja da baya. Abin takaicin shi ne sau da yawa kansa yake zargi, ko mai situdiyo ya ce bai iya ba, alhali lamba ɗaya ce a cikin saiti ke buƙatar canji. A kiɗan da yatsu ke gudu, irin salon jitar Agadas ko na Kwango da ake ji a coci-coci, wannan tazara ta fi kowace irin murya muhimmanci. Gara amfilifaya mai sauƙi da ke amsawa nan take da wadda ta fi daɗi amma tana makara.

A kwamfutar Windows, direban sauti da ke zuwa da ita ba don wannan aiki aka yi shi ba, jinkirinsa na da yawa. Wanda ake buƙata shi ne ASIO, kuma mafi kyau shi ne wanda kamfanin saunkad ya yi wa na'urarsa. ASIO4ALL na ceton wanda na'urarsa ba ta da nata. Hedifon na Bluetooth kuwa ba shi da gurbi a nan ko kaɗan, domin shi kaɗai yana iya ƙara jinkirin da ya wuce milisakan ɗari. Haka nan wasu manhajojin da ake ɗorawa a babban layin fita don ƙara wa waƙa ƙarfi suna riƙe sauti kafin su sake shi. A kashe su lokacin ɗauka. Ƙa'idar da aka saba ita ce ƙaramin bofa, 64 ko 128, yayin ɗauka, babba kuma yayin haɗawa. Idan kwamfuta ta fara ƙas-ƙas, alama ce ta gaza, sai a hau zuwa 256 ko a daskarar da sauran layukan kiɗa.

A Maiduguri, maganar ba ta ƙarewa a kan saiti, domin wuta na da nata hukuncin. A watan Janairun 2021 'yan tada ƙayar baya suka rusa turakun layin da ke kawo wuta daga Damaturu, birnin ya shafe watanni a duhu, kuma sai a Maris na 2023 aka ƙaddamar da tashar gas mai megawat 50 da NNPC ya gina. A tsakanin nan gidaje da shaguna da dama sun koma janareta da sola. Maganaɗisun jita kuwa ba ya bambance tsirkiya da duk wani lantarki da ke kusa. Wutar Najeriya na juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan ne ƙugin nan mai zurfi da ake ji a hedifon. Ƙaramin janareta, da inbata mai araha wadda wutarta ba ta fita sumul, da na'urar rage gudun fanka, da cajar kwamfuta, duk suna ƙara nasu zuzu. Manhajar amfilifaya mai gurnani tana ninka sauti sosai, don haka ƙugin da ba a ji a busasshen sauti sai ya cika kunne.

Ana iya gano tushen da gwaji. Makaɗi ya riƙe jita ya juya a hankali a kan kujera. Akwai kusurwar da ƙugin zai ragu, a nan zai zauna. Ya matsa daga allon kwamfuta, ya ajiye wayar salula nesa. Idan zare caja ya kashe ƙarar, to daga wuta take, kuma ɗauka a kan batir ya fi. Sai dai nan ma akwai tarko: kwamfuta kan rage gudunta da zarar ta koma batir, ƙas-ƙas ya dawo, don haka dole a saita ta a kan cikakken ƙarfi. Jitar da ke da tagwayen naɗin waya, wanda Seth Lover ya ƙirƙiro wa Gibson a 1955, tana kashe yawancin ƙugin da kanta, kuma ga mai shirin saye a gari irin wannan, abin dubawa ne. Wani abu da bai kamata a yi wasa da shi ba: tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin na'urori ta waya. Wanda ya ji tsirkiya na ɗan jan yatsunsa ya dakata, ya kira mai gyaran wuta ya duba wayar ƙasa ta gidan. Karya ƙafa ta uku ta filogi don kashe ƙugi ganganci ne da rai.

Zafi ma na taka rawa. A Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, kwamfuta na rage gudu don ta kare kanta, ƙurar hunturu da ta toshe fankarta kuma na ƙara dagula lamarin. Saitin da ya yi aiki da asuba kan gaza da azahar. Wanda kwamfutarsa ta tsufa yana iya raba sautin biyu da ƙaramin akwatin DI: reshe ɗaya ya tafi saunkad a bushe, ɗayan ya bi ta na'urar ƙafa irin ta Zoom ko Boss don sauraro kawai.

Ko ta wace hanya aka bi, abin da ya kamata ya sauka a faifai shi ne busasshen sautin. A Cubase da Reaper haka abin yake tun asali, manhajar amfilifaya a kunne kawai take aiki. A FL Studio kuwa sai an zaɓi a ɗauki abin da ya shigo daga waje kaɗai, in ba haka ba muryar amfilifayar za ta manne a jikin ɗaukar. Mai busasshen sauti yana iya canza Marshall zuwa Fender bayan mako guda ba tare da ya sake kiran makaɗi ba. Idan kuma za a tura aikin Kano ko Legas don haɗawa, a tura fayil biyu: busasshen, da wanda aka sarrafa, domin mai haɗawa ya ji muryar da makaɗin ke ji lokacin da yake kaɗawa.