Wayar da Ke Tono Tsohon Zance

Duk ranar 5 ga Mayu shafukan Katsinawa a Facebook kan cika da hoton marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a irin wannan rana a 2010. Da yawa daga masu ɗora hoton ba kalanda suka duba ba. Waya ce ta yi musu tuni cewa shekara kaza da ta wuce sun rubuta masa addu'a, sai su sake yaɗa ta, a ƙara da "Allah Ya jiƙan Matawalle."

Wannan tuni yana da tarihi. A watan Maris na 2015 Facebook ya fito da wani sashe mai suna On This Day, wanda kullum yake zaƙulo abin da mutum ya ɗora a rana mai kamar ta yau a shekarun baya. A 2018 aka faɗaɗa shi, aka raɗa masa Memories. Amma wata ƙaramar manhaja ta Amurka, Timehop, ta riga shi tun 2011, ita kuwa tana tattaro tsofaffin hotuna da rubutu daga shafuka daban-daban wuri guda. Google Photos ma yana yin irin haka da hotunan da ke cikin waya. A Katsina dai Facebook ne uban tafiya, domin nan matasa suka yi ƙaura bayan yayin manhajar hira ta 2go ya wuce, kuma wasu shafukan sun haura shekara goma ana zuba musu kaya.

Abin da ya taru a ciki ya zama taskar tarihin birni, ba tare da wani ya shirya hakan ba. Saurayin da ya tsaya ɗaukar hoto a Ƙofar Ƙaura a 2016 sabuwar shaddarsa yake son a gani. Yau mai kallon hoton bayansa yake leƙawa, don ya ga yadda shataletalen yake kafin gadar ƙasa da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2023. Haka hotunan Hawan Sallah a Ƙofar Soro: shekara bayan shekara ga dawakai, ga 'yan lifida, ga lemar Sarki Abdulmumini Kabir Usman, sai a iso 2020 a tarar da giɓi, shekarar da korona ta hana hawa.

Inda tunin ya fi jan dariya mai ɗaci shi ne farashi. A Mayun 2016 litar fetur ta tashi zuwa naira 145, mutane suka cika shafuka da kuka. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, duk lokacin da wannan ƙorafi ya dawo sai mai shi ya sake ɗora shi yana cewa ashe a lokacin daɗi ake sha. Sojojin baka kuwa, su suka fi kowa jin jiki. Wanda ya yi rantsuwa ba zai taɓa barin jam'iyyarsa ba, ya kuma sauya sheƙa, ya san akwai abokin hamayya da ya adana hoton rubutun yana jiran ranarsa.

Sai dai manhaja ba ta san suna ba, ba ta san ta'aziyya ba. Kwanan wata take bi da yawan waɗanda suka yi tsokaci, kuma ba abin da ke tara tsokaci kamar sanarwar rasuwa. A ƙarshen 2014 Facebook ya haɗa wa wani Ba'amurke, Eric Meyer, taƙaitaccen tarihin shekararsa, da hoton 'yarsa mai shekara 6 da ta rasu a tsakiya, kewaye da zanen masu shagali. Sai da kamfanin ya ba shi haƙuri. A jihar da aka sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, ba kowane tuni ake maraba da shi ba. Ko a cikin gida, hoton kamu na auren da ya mutu yana iya faɗowa a gaban amaryar yanzu. Maganin wannan yana cikin sashen Memories ɗin kansa: akwai wurin ɓoye wasu mutane ko wasu ranaku, akwai kuma na kashe sanarwar gaba ɗaya.

Wani abin lura, taskar nan a hannun wasu take. A Yulin 2018 ɓarayin intanet suka kutsa Timehop suka kwashi bayanan mutum miliyan 21. A nan gida asarar ta fi zuwa ta hanya mai sauƙi: a sace waya, layi ya tafi, a manta lambar sirri, shikenan hotunan shekara goma sun bi ruwa. Ga shi yanzu yawancin hotunan biki da na Sallah a kan sitatus na WhatsApp ake zuba su, wanda ke gogewa bayan awa 24, don haka ba tunin da zai dawo da su baɗi.

Facebook yana ba kowa damar sauke dukkan hotunansa da rubuce-rubucensa daga saitin shafi. Duk mai hoton mahaifi, ko na malami, ko na tsohuwar unguwa a can, ya sauke shi tun shafin yana hannunsa, ya ajiye a memori ko filashi, waɗanda suka fi daraja kuma ya kai su situdiyo a wanke masa.