Cigong Bayan Kammala Kwas: Matsalar Ɗorewa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bayyana abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe bayan ya kammala kwas mai tsanani na cigong, watau motsa jikin gargajiya na ƙasar Sin.

Masana sun kasa wannan fanni gida uku: daidaita jiki, da daidaita numfashi, da tattara hankali. Kwas na 'yan kwanaki yakan cusa na farko, amma sauran biyun sai da naci. Saboda haka muna ganin ya fi kyau ɗalibi ya tsaya a kan tsari guda, kamar Baduwanjin, ɗaya daga cikin huɗun da hukumar wasanni ta Sin ta daidaita a 2003. Motsi takwas ne kurum, kuma da wuya ya wuce minti 15. A sassauta gwiwa da kafaɗa, a ja numfashi ta hanci sannu a hankali har ciki ya ɗaga, ba tare da tilastawa ba.

Wanda ya ce sai ya yi sa'o'i kamar lokacin kwas, yakan gaji ya bari. Kaɗan a kullum shi ne mai ɗorewa. Sai dai cigong ba madadin magani ba ne. Mai hawan jini ko ciwon gwiwa ya fara tuntuɓar likita.